Daminar da Kafe Ya Riƙe Maigida

Bazarar bana ta yi tsawo a Tawa. Kullum da la'asar hadari yakan haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a bar mu da zufa. Wutar lantarki tana ɗaukewa da tsakar rana, fanka ta tsaya, mu kwashi tabarmi mu koma gindin dogon yaro. A gidan 'yata Rabi nake zaune yanzu, tun da gwiwoyina suka ƙi gona. Ita tana aiki a likita, wato asibiti, mijinta malamin makaranta ne.

Makon jiya mijin nata ya dawo daga Yamai da wata 'yar jakar takarda. Ya ce kafe ne, amma ba garin gwangwani irin na masu tebur a tasha ba, 'ya'yansa ne gasassu, sai an niƙa. A jikin jakar akwai hoton wani mutum da kwando a hannu.

"Inna, kin ga wannan? Shi ya noma shi," in ji shi. "Masu sayarwa sun ce wurin ƙananan manoma kawai suke saye. Kowanne sun san shi, sun san gonarsa, kuma duk shekara suna komawa."

Na ce ya zuba mini kaɗan a tafin hannu. Baƙaƙe ne, suna ƙamshi, amma tsagar nan da ke tsakiyar kowane ɗa ban manta ta ba. Ni na san su tun suna ɗanye. Ya dafa ya miƙo mini, na ce ya sha abinsa.

Abin da ya dawo mini ya faru ne a ƙauyenmu, gabas da Kalfu, lokacin Rabi ba ta wuce tsawon turmi ba, ƙanenta kuma yana goye. Zan faɗe shi bi da bi, yadda ya zo.

A Adar shekarar namiji kashi biyu ce. Damina tana gida, rani yana bida. Da an gama kaka an ɗaure hatsi, sai maza su ɗaure jaka su bi mota kudu, ba a sake ganin su sai shamuwa ta sauka a kan itatuwan gari. Maigidana sunansa Illa. Ban taɓa kiran sa da wannan suna ba yana raye, sai yanzu a takarda. Yawancin mazan garinmu Abijan suke sauka, su yi talla ko gadi. Shi ba ya son birni. Ya wuce can yamma, cikin duwatsun Kodebuwa, ya samu wani tsoho mai 'yar gonar kafe wanda 'ya'yansa duk suka koma birni. Illa ke sassabe, shi ke tsinka, shi ke shanya. In an sayar a raba uku, kaso ɗaya nasa.

Kafin ya tafi yakan yi abu uku, bai taɓa sauya jerinsu ba. Ya zuba hatsin ci a babban rumbu, ya kira ƙanen mahaifinsa, Baba Ada, ya gaya masa yadda zai riƙa fiddo mana. Sannan ya zauna ya zaɓi dogayen zangarniyoyi masu cika, ya sa su a ƙaramin rumbu, ya kwaɓa laka ya toshe bakin da hannunsa, ya kifa murfin ciyawa. Wannan shi ne iri. Daga ƙarshe ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Inna Tsahara, ta shafa kansa, don idonta ya riga ya yi rauni.

A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ba ta hawa, ba ta buɗewa, ba ta tambayar abin da ya rage. In maigida ba ya nan, namiji daga danginsa ke fiddo mata. Haka na tarar tun ina yarinya, ban kuma taɓa jin wadda ta tambayi dalili ba.

A shekarar da nake ba da labarinta, daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke hatsi yana fidda kai, rabin zangarniyoyin suka bushe ba ƙwaya. Don haka zafi yana kamawa babban rumbu ya ƙare. Ranar da Baba Ada ya sauko da damin ƙarshe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Ɗiyata, iyakarsa ke nan. Sai dabara."

Dabarar kuwa ga yadda take. Da asuba in yi salla, in goya yaro, in tafi rijiya. Rijiyarmu tana da zurfi, igiyar sai ta ci tafin hannu kafin guga ya fito, in ya fito kuma rabinsa laka. In kawo tulu biyu in ajiye. In dama wa yara da Inna ɗan kunun dusa, ni in kurɓi abin da ya rage a gindin ƙwarya. Kafin rana ta yi ƙarfi in bi mata mu hau dutse neman anza. Duwatsun Adar a bazara ba a taka su da ƙafa banza, ko ta cikin takalmin roba zafin yana ratsowa. Iska in ta buso kamar daga bakin murhu.

Anza ɗan itace ne da fari ba ya kashe shi. 'Ya'yansa in aka tauna ɗanye, ɗacin sai ya bi mutum har maƙogwaro ya juya masa ciki. Aikinsa a jere yake. A tsinko, a shanya, a daka a fitar da ɓawo, a tafasa, sannan a jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake wani safe da yamma, har ɗacin ya fita. Wadda ta yi gaggawa ta kwantar da 'ya'yanta. Ni ban taɓa yin gaggawa ba. Nakan jera ƙwarya huɗu a gindin danga, ta yau, ta jiya, ta shekaranjiya da wadda ta kusa ciyuwa, kuma Rabi ta san wadda aka hana ta taɓawa. In ya yi, a dafa shi da gishiri da ganyen yaɗiya. Yana cika ciki, amma mutum yakan tashi daga cinsa kamar bai ci ba.

Shamuwa ta sauka. Maza suka fara dawowa, biyu biyu, uku uku, ranar kasuwar Kalfu. In motar ta sauke su, tun daga bakin gari ake jin ihun yara. Nakan ci gaba da dakan da nake yi, ba na ɗaga kai, amma kunnena yana ƙofar gida. Kasuwa ta ci, wata ta ci. Gidajen da ke kewaye da mu duk suka fara ƙamshin shinkafa da mai. Namu shiru.

Wata rana na dawo daga dutse na tarar da Inna rungume da wani ƙulli a cinya.

"Asumane ya zo ba ki nan," in ji ta. "Ya ce saƙon mai gidanki ne."

Asumane ɗan kawuna ne, abokin wasana, gari ɗaya suke sauka da Illa a can.

"Shi fa? Yana tahe?"

"Ya ce lahiya lau yake."

"Inna, na ce yana tahe?"

"Ke, ni gaisuwa muka yi. Yana sauri, mota na jiran sa."

Na kwance ƙullin. Akwai ɗan kuɗi a naɗe cikin tsumma, wanda ya sayi tiyar masara 'yan kaɗan. Sauran kuwa wasu 'ya'ya ne, kusan cikin ƙwarya, launinsu tsakanin kore da toka, kowanne da tsaga a tsakiya kamar ƙwallon dabino. Na shinshina, warin ɗanyar ciyawa. Na sa ɗaya a baki, ya kusa fasa mini haƙori, da ya fashe kuma sai ɗaci. Na ba Inna ta laluba da yatsu.

"Waken kurmi ne," ta ce. "Ya ji ana yunwa ya aiko."

Abu mai tauri, mai ɗaci, an aiko shi gidan da ake yunwa. Ni kuwa abu ɗaya na sani da ake yi wa irin wannan. Na tafasa shi, na ƙara ƙwarya ta biyar a gindin danga. Na jiƙa, na zubar, na sake, da ruwan da na jawo da hannuna. Ya kumbura kaɗan, ruwan ya yi kore. Da na ga ya daɗe na ɗora a wuta da kanwa. Itacen da na tanada na kwana biyu ya ƙare a ƙarƙashin tukunyar nan, yara suna zaune suna kallon ta. Da na sauke, yana nan kamar roba. Rabi ta tauna ɗaya ta tofar ta fashe da kuka. Akuya ma ta shinshina ta juya.

Ranar kasuwa na ƙulla kaɗan a bakin zane, na taka har Kalfu. Na sami Asumane a rumfar wani mai gyaran rediyo. Na kwance na nuna masa, na ce wane irin wake ne wannan da ba ya jin wuta.

Ya duba, ya dube ni, sai ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki.

"Ke Hadizo! Kafe ne! Kafen mutane kika dahe da kanwa? Jama'a, ku zo ku ji, matar Illa ta yi wa kafe wankan anza!"

"Ka gama dariyarka," na ce. "Kai da ka yi rani guda ka dawo da rediyon da ba ya magana. Kafe ba gari ba ne?"

"Garin daga ina yake hitowa, daga sama? Gasa shi ake yi a niƙa. Wanga da kika kashe shi ne na zaɓe, Illa ya ce a kawo miki ki ga abin da ya tsai da shi. Na gaya wa Inna, ashe ba ta ji ba."

"To na gani. Yanzu gaya mini da baki."

Ya daina dariya, ya jawo mini benci. Ya ce da can in kafe ya fara nuna zage reshen ake yi gaba ɗaya, ja da kore, a zube a ƙasa ya bushe tare da tsakuwa da kashin kaji, mota ta zo ta auna ta biya abin da ta ga dama. Sai bara wani mai saye ya zo da ƙafa, ya kwana a ƙauyen, ya ci abincin tsohon. Ya ce shi ba mai yawa yake nema ba, mai kyau yake nema, kuma daga gonaki kaɗan. Ja kaɗai za a tsinka, ɗaya ɗaya, a yi ta komawa itace guda har ya ƙare. A shanya a kan gadon kara, ba a ƙasa ba. A zauna a tsince masu huji da baƙaƙe. Kada a sare manyan itatuwan da ke yi wa gonar inuwa. In aka yi haka zai saya da daraja, ya kuma dawo baɗi, ya dawo bayan baɗi.

"To ba tun sanyi aka gama tsinka ba?"

"Awo, an gama. Amma mutumin ya ɗebi kaɗan ya tahi a ɗanɗana, bai dawo ba tukuna. Buhunan na jibge a ɗaki, can kuma ruwa ya riga ya sauka. Kullum sai an juya su, in rana ta leƙo a hitar, in hadari ya taso a maida. Tsohon ba shi iyawa. In Illa ya taho, kafen ya yi hunhuna, tsohon ya rasa mai saye, shi kuma ya dawo miki hannu biyu, don ba a sayar ba balle a raba."

"Ɗanɗanawa ce ke cin wata da watanni?"

"Ba ki ga yadda yake yi ba. Na gani da idona. Ya gasa, ya niƙa, ya zuba ruwan zahi, ya sa hanci kamar mai neman ɓera. Sannan ya ɗiba da cokali ya zuƙa, huuut, ya tohar."

"Ya tohar?"

"Wallahi ya tohar."

Na tuna Rabi da ta tofar ta yi kuka. Sannan na tambayi abin da ya kawo ni.

"Rumbun iri fa? Mi ya ce?"

"Ya ce yana tahe kahin ruwa."

"Na ce rumbu, Asumane."

Ya sosa ƙeya. "Bai ce komi ba. Ni ma ban tuna na tambaye shi ba."

Yau Rabi takan danna waya ta kira ƙanenta a wata ƙasa don kawai ta tambaye shi inda ya ajiye makulli. A lokacin magana ba ta da ƙafa sai ta mutum, kuma duk masu ƙafar sun riga sun dawo gida. Babu mai komawa kudu sai bayan kaka.

Ruwan farko ya zo da hantsi. Iska ta fara kwashe murafen rumbuna, gari ya yi ja, sannan ya yi duhu, sai aka sako shi. Korama ta bayan gari ta taso tana ruri. Da ya ɗauke, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina kamar ƙamshin abinci. Dattawa suka haƙa da hannu, suka ga laima ta kai inda ake so, aka ce gobe shuka.

Na yafa zane na tafi wurin Baba Ada. Na durƙusa a bakin zaurensa, yana gyara ƙotar sungumi.

"Baba, ruwa ya sauka."

"Mun gode Allah."

"Iri na ƙaramin rumbu."

"Na sani. Ya aiko a buɗe?"

"Bai aiko ba."

"To." Ya ci gaba da fiƙe ƙotar. "Babban rumbu ya ba ni amanarsa, na kuma sauke. Ƙarami da hannunsa ya toshe, bai ce mini komi ba. Ba ni hasa abin da mutum ya toshe yana raye, ɗiyata. Gobe ya zo ya ce wa ya sa ni, in ce mi?"

"Ka ce ruwa ya sa ka."

Ya ɗago ya dube ni. "Bakinki ya yi tsawo bana. Ki yi haƙuri, yana tahe. Adarawa ba su kwana biyu a waje in sun ji ruwa."

Ba mugun mutum ba ne. Nasa irin ma bai ishe shi ba, na sani. Amma abin da ya faɗa ya faɗa.

Washegari gari ya watse. Maza a gaba suna sara da sungumi, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Haka ake shuka, mutum biyu ne aƙalla. Ni na bi matar maƙwabcinmu na taya su jefawa, a ba ni dusa da yamma. Hatsin wasu yana zuba ta tsakanin yatsuna daga safe har la'asar. Hanyar komawa gida ta bi ta gefen gonarmu. Tana nan shimfiɗe, jiƙaƙƙiya, babu sawun kowa a kanta sai na awaki. Ban tsaya ba. Na ƙara sauri kamar wadda ta hango wanda take jin kunya.

Bayan haka sama ta rufe bakinta. Shukar mutane ta tsiro, ta yi ganye biyu, ta tsaya tana lanƙwashewa da rana tana miƙewa da safe. Kowa ya koma kallon gabas. Ni ina kallon gabas, ina kallon hanyar Kalfu. Masara ta ƙare, muka koma anza zalla. Nonona ya ragu, yaron ya riƙa tsotsa yana saki yana kuka. Mata a rijiya suka daina tambaya ta labarin maigida, wannan kuwa ya fi tambayar ciwo. Da yamma in na gama komai nakan zauna a bakin ɗaki, Inna a bakin nata, ƙaramin rumbu a tsakaninmu.

Ruwa na biyu ya daɗe kafin ya zo, amma da ya zo ya yi yawa. Da safe na ji masu wucewa masallaci suna cewa duk wanda bai shuka a wannan laimar ba, ya haƙura da bana, don hatsi ba zai kai ba.

Na yi salla. Na ba yaro nono, na kwantar da shi. Na dama kunu na ba Rabi da Inna. Na jira rana ta fito sosai, don kada wani ya ce a ɓoye na yi. Sannan na je bayan zaure, inda maza suke ajiye kayansu, na jawo tsani. Gungumen itace ne mai reshe biyu a sama, an sassaƙa masa matakai. Yana da nauyi, jan sa na yi a ƙasa.

"Mi kike ja?" in ji Inna.

"Tsani."

Na kai shi na jingina a jikin ƙaramin rumbu.

"Ni dai idona ya mutu," ta ce. "Ba ni ganin komi." Sai ta taso tana lalube, ta zo ta zauna a gindin tsanin, ta dafe shi da bayanta. "Ƙasa ta jiƙe, yana zamewa. Na zauna ne in sha rana."

Na ɗaure zane na hau. Na ture murfin ciyawa. Lakar da ya toshe bakin da ita tana ɗauke da sawun yatsunsa. Na sa taɓarya na buga, ta tsage, na ɓamɓare da hannu. Wani zafi ya bugo fuskata, da ƙamshin hatsi, wanda rabona da shi tun farkon bazara. Na sa kai na jira idona ya saba da duhun.

Na zaci zan gan shi cike. Shekara da shekaru ina wucewa ta gindin rumbun nan ina jin nauyinsa a raina. Abin da na gani 'yan dammuna ne a can ƙasa, an jera su da kyau, kai da kai, sauran duk fili. Ba za su shuke gonar duka ba. Nan na gane abin da ake ɓoye wa mata. Na kuma gane da wane irin ciki ya hau mota.

Na shiga na miƙo su ɗaya ɗaya. Ban sa su a turmi ba, don kada ƙwaya ta fashe, da hannu na murje a kan tabarma. Rabi ta tsuguna tana tsintar wanda ya yi tsalle tana kaiwa baki. Na bar ta ta tsinci na ƙasa. Da ta miƙa hannu cikin ƙwarya na buge hannun. Ba ta yi kuka ba, ta dube ni kawai.

Na ɗauki sunguminsa na tafi gona. Aikin mutum biyu ne, don haka kowane layi sau biyu na bi shi. In sara har ƙarshe, in ajiye sungumi, in dawo in ɗauki ƙwarya, in bi ina jefawa ina rufewa. Yaro a baya, rana a ka. Na fara da gangaren da ruwa ke kwanciya, na bar tudu, tun da iri ba zai kai ba. Na rage yawan ƙwayar da ake jefawa a kowane rami. Mazan da ke gonakin kusa suka ɗago, suka gan ni da sungumi, suka mai da kai. Babu wanda ya ce sannu, babu wanda ya ce don me.

Da azahar sai ga Baba Ada. Ya tsaya a kan iyaka, hannu a baya. Na gaishe shi ban daina sara ba. Ya daɗe yana kallo.

"Layinki ya karkace," ya ce.

"Ya karkace, Baba."

"To."

Ya juya ya tafi. Bai sake yi mini magana ba sai bayan kaka.

Kafin laima ta gudu na shuke abin da iri ya kai, wajen kashi biyu cikin uku na gonar. Na kwaɓa laka na mai da bakin rumbun, ko da yake babu komai a ciki, na mai da tsani inda na ɗauko shi. Ya tsiro. Yana bayan na mutane, amma ya tsiro. Na yi noman farko ni kaɗai, da hauyar da ta fi ƙarfina, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe ya sake yi.

Hatsi ya kai gwiwa sa'ad da Illa ya dawo. Ba ranar kasuwa ba ce, babu ihun yara. Na dawo daga rijiya na tarar da buhu biyu a tsakar gida, shi kuma yana durƙushe gaban Inna. Ya rame, hannuwansa duk tabon cizon tururuwar da ke zama a itacen kafe. Na kawo masa ruwa. Ya sha, idonsa ya sauka a kan ƙaramin rumbu, a kan sabuwar laka. Ya tashi ya nufi gona, bai dawo ba sai gab da magariba.

Na ajiye masa tuwon masarar da ya kawo. Ya wanke hannu, bai fara ci ba.

"Mai sayen ya zo," ya ce. "Ya kwashe duka. Ya ce a gonakin nan babu wanda ya kai namu tsabta. Ya biya yadda ya ce, har ya ƙara. Baɗi ma yana zuwa."

"Madalla."

"Tsohon ya yi kuka. Ya ce in ban koma ba, ba shi da wanda zai riƙe masa aikin yadda mutumin ke so."

"Wa ya buɗe rumbun?" ya tambaye ni.

"Ni."

"Wa ya sara?"

"Ni."

"Noman fa?"

Na buɗe masa tafin hannuna. Ya duba. Na shirya wa faɗa, na tanadi amsata tun ranar da na hau. Sai kawai ya sauke numfashi mai tsawo, irin na wanda aka sauke wa kaya.

"Ashe kina iyawa," ya ce. Ya sa hannu a tuwo.

A daren na ɗauka yabo ne.

Ya yi maimai tare da ni, ya gyara dangar da iska ta kayar. Amma hatsi yana fara nuna ya ce dole ya isa can kafin kafe ya nuna, akwai gadajen shanya da za a sake, mai saye kuma ya ce a dasa wasu itatuwan inuwa. Bai taɓa tafiya kafin kaka ba sai wannan shekarar. Mai sayen ya cika alkawari, duk shekara yana dawowa, har bayan tsohon ya rasu. Ba mu sake cin anza a gidan nan ba. Da kuɗin kafe Rabi ta yi karatu. Illa kuwa ya koma zuwa mana sau ɗaya a shekara, a tsakiyar damina, bayan an gama shuka, ya yi 'yan makonni ya juya. Bai sake riƙe sungumi a gonarmu ba.

Safiyar da zai tafi, a wannan karon na farko, ina tsaye ina jira in ga yadda zai yi da jerin abubuwansa uku, tun da babu hatsin da zai zuba, babu irin da zai zaɓa. Bai aika a kira Baba Ada ba. Ya je ya durƙusa gaban Inna ta shafa kansa. Sannan ya zagaya bayan zaure, ya saɓo tsanin a kafaɗa, ya kawo ya jingina shi a bangon ɗakina. Ya ɗauki jakarsa ya fita.